Takardar tsarin aiki kafin zuba dakin a Asawase

A wani ginin bene da muke yi a Asawase, wata unguwa a Kumasi, injiniya ya kafe cewa ba za a zuba dakin ba, wato rufin kankare na benen, sai foman ya kawo takardar tsarin aiki, foman ɗin kuwa ni ne. Abin da ake so a ciki sananne ne: aikin mataki-mataki, haɗarin da ke tattare da kowane mataki, rigakafin da aka yi masa, da wanda alhakin ke wuyansa. Wasu daga intanet suke kwafowa su sauya suna. Na taɓa ganin wata a nan Kumasi tana gargaɗin ma'aikata game da dusar ƙanƙara.

Tawa a tsaye na rubuta ta. Na ɗauki kafinta da mai ɗaurin rodi da shugaban leburori, muka bi hanyar da kankare zai bi tun daga injin kwaɓi har sama. Kafintan dattijo ne, ya girme ni a sana'ar nesa ba kusa ba. Da muka shiga ƙarƙashin katakon icen da ake kira wawa da aka shimfiɗa, ya kama wata gora cikin masu tallafe da shi ya girgiza, ya ce, "Masta, wannan a kan ƙasar ciko take. Ruwa ɗaya aka yi da dare, gobe ta nutse da kaya a kanta." Na ce, "To Baba, yaya za a yi?" Ya ce a danne ƙasar, a sa wa kowace gora katako mai faɗi a gindi, a ɗaure su da juna a gicciye, sannan ranar zubi a tsayar da mutum ɗaya daga gefe yana kallon gorar, kada kowa ya shiga ƙarƙashi. Haka na rubuta, da sunansa a gaba.

Mai rodi ya nuna wayar wutar lantarki da ta ratsa ta bakin titi. Rodi doguwa ce, mai ɗaga ta ba ya kallon sama, don haka muka mayar da wurin miƙa ta bayan gini. Sauran ba su ɗauki lokaci ba: shinge a bakin dakin, hanyar hawa daban da ta sauka ga masu kwanon sarki, tsani a ɗaure daga sama, hular kwano da takalmin roba da safar hannu saboda ɗanyen siminti yana cin fata. A ƙasa na sa lambar gaggawa 112 da motar da za ta kai mutum asibitin Komfo Anokye.

Mai gini ya ɗan yi tsaki a kan kuɗin takalma. Na nuna masa cewa Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003, mai lamba 651, ta ɗora wa mai ba da aiki samar da kayan kariya kyauta, ta kuma ba ma'aikaci damar janyewa daga aikin da ya ga zai halaka shi ba tare da an kore shi ba.

Da yawa cikin leburori ba sa karatun boko, takarda a aljihun foman kuwa ba ta kare kowa. Shi ya sa da sassafe ranar zubi na tara su na bayyana ta da Hausa, wani ya maimaita da Tonanci, yaren Ashanti. Tambayar kowa aikinsa ya fi karanta masa amfani, a nan ake gane wanda ya gyaɗa kai kawai. Da motar yashi ta tare inda muka tsara wa injin, na tsayar da aiki, na gyara takardar da biro, injiniya ya sa hannu, sannan aka ci gaba.

Sashen cire gora ya fi kowane jawo gardama. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka auna masa, kuma mun rubuta cewa ba mai taɓa gora sai da izinin injiniya a rubuce. Bayan sati guda mai gini ya turo mota a kwashe su zuwa wani aikinsa a Aboabo. Na buga masa waya na karanta masa layin da ya sa wa hannu, motar ta koma ba kaya.