Malamar laburarenmu da yaran da suka fi ta iya danna waya

Duk wanda ya yi sakandare a Jos a zamaninmu ya san yadda ake kallon mai kula da laburare, mutum ne kawai mai riƙe da makulli, ya buɗe da safe ya rufe in an tashi, ya hana surutu, in ka yaga shafi ya ja ka ofishin firinsifal. A makarantu da yawa ma ba wanda ya karanci abun ake sakawa ba, duk malamin da aka ga firiyod ɗinsa ba yawa sai a ce Malam ga makulli. Alhali ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Najeriya tun 1962 take, kuma a 1995 aka yi dokar da ta kafa hukumar yi musu rajista, LRCN. Sana'a ce da ake zama a jami'a a karanta.

To mu a makarantar da nake koyarwa Allah ya haɗa mu da wata malama da ita abun ta karanta, kuma ta ƙi yarda ta zama mai gadin littattafai. Sai da ta yi ta sintiri ofis kafin aka ba ta firiyod ɗaya a sati da 'yan SS1. Kayan aikin nata ba wani abun a zo a gani bane, laftof ɗaya ce mai matacciyar batir, in NEPA sun ɗauke shikenan, data kuma daga wayarta take jonawa. Tunda an hana yara shigowa da waya, sai ta ɗauki hoton saƙonnin da ke yawo a WhatsApp ta kai shagon buga takardu a fitar mata, ta raba musu su zauna huɗu huɗu.

Rannan na leƙa na tarar suna kan wani saƙo wai gwamnati na raba tallafi, danna nan ka saka lambar BVN. Ba ta ce musu ƙarya bane ko gaskiya, cewa ta yi su duba adireshin da ke ƙasa, da .gov.ng ya ƙare kamar na JAMB ko kuwa wani dogon abu ne mai tarkacen lambobi? Ina kwanan wata? Wa ya sa hannu? Sannan ta nuna musu 'yan kibiyoyin nan biyu da WhatsApp ke sakawa a saman saƙon da aka yi ta turawa daga hannu zuwa hannu. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, Malama ai Baffana ne ya turo a guruf ɗin gidanmu kuma shi ba ya ƙarya. Ta ce Allah ya ƙara wa Baffa lafiya, amma shi wa ya faɗa masa? A Islamiyya in an kawo muku hadisi ba kwa tambayar wa ya ruwaito, daga wa ya ji? Ajin ya yi tsit, don wannan kam sun san shi tun suna ƙanana, kawai ba su taɓa kawo shi kan waya ba.

Ni dai a ganina babu garin da ya fi namu buƙatar wannan darasin. A watan Agustan 2014 lokacin Ebola, cikin dare aka yi ta kiran waya ana tura saƙo wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha, a nan Filato sai da aka kwantar da mutane a asibiti, har rayuka aka rasa. A 2018 kuma bayan rikicin Barikin Ladi hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook, da BBC suka bi diddigi sai ga shi ɗaya daga cikin bidiyon a Kongo Brazabil aka ɗauke shi tun 2012. Shi yasa in na ga malamar tana nuna wa yara yadda ake saka hoto a Google Lens a ga ranar da ya fara fitowa da ƙasar da ya fito, ko tana buɗe musu shafin Dubawa da Africa Check su ga yadda masu tantance labari ke aiki, wallahi bana ɗaukarsa ƙaramin abu.

Yanzu kuma sabon ciwon kai ya shigo. ChatGPT, abun nan na intanet da kake yi wa tambaya ya rubuto maka amsa, ya fito ƙarshen 2022, kafin mu gama fahimtarsa sai ga Meta AI a cikin WhatsApp ɗin kowa a 2024, ka ba da aikin gida yara goma su kawo maka turanci iri ɗaya wanda kai kanka sai ka duba ƙamus. A ɗakin malamai wasu cewa suke a zane duk wanda aka kama. Ita kuwa ta ce ku bar su su tambaye shi, amma duk abun da ya faɗa a kan Sarauniya Amina ko haƙar kuza a Filato su zo su nemo shi a littafi su rubuto lambar shafi. Nan ne fa idonsu ya buɗe, don wani lokacin sai ya zayyano sunan littafi da marubuci tiryan-tiryan a nema a rasa, in da Hausa aka tambaye shi kuwa kwaɓar ta fi yawa. Ita kanta a YouTube take koyon rabin abubuwan nan da daddare, sauran kuma yaran take tambaya, ba ta jin kunyar cewa zo ka nuna min inda ake dannawa.

Abun da ke ban haushi shine masu makarantu. Tunda JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015 kowa ya sayo kwamfutoci ya jera a ɗaki ya saka hoton a allon talla, amma ba a buɗewa sai jarrabawa ta matso yara su koyi danna A B C D, su a wajensu an gama zamani kenan. Littafi sabo kuwa sai a shekara ba a sayo ko ɗaya ba.

Zangon da zai shigo ta nemi a ba ta minti ashirin a taron PTA, don ta ce yawancin saƙonnin da yaran ke kawo mata daga guruf ɗin iyaye suke fitowa. Firinsifal ya ce zai duba.