Talata: ƙyanda ta shigo ajina

Yau ko lissafin farko ban ƙarasa ba. Ina rubutu a allo sai ɗalibar nan tawa ta bencin gaba ta ja gefen hijabina, ta nuna min wani yaro can baya. Ita ba ta ji sosai. Ƙyanda ce ta taɓa mata kunne tun tana ƙarama, shi ya sa na dawo da ita gaba ta riƙa karanta bakina. Amma ba abin da ke wuce idonta.

Yaron ya kife kai a benci, jiki zafi rau, ido jajur, ga tari ga majina. Na duba bayan kunnensa, ƙananan ƙuraje sun fara fesowa. Gabana ya faɗi. Cutar nan iska take bi, kuma kwana huɗu kafin ƙurajen su fito yaro ya fara yaɗa ta. Ga ajina cike maƙil, wasu a benci wasu a ƙasa, a wannan zafin na bazara.

Ba mu da ɗakin jinya. Tabarma na shimfiɗa masa ƙarƙashin darbejiya, nesa da sauran. Akwatin maganinmu auduga ce da filasta sai guntun farasitamol.

Kakarsa ce ta zo ɗaukarsa. Tana ganinsa ta ce, "Malama, ai baƙo ne, a ɗaki ake killace shi har ya tafi." Na durƙusa na ce, "Inna, don Allah ku fara biyawa asibitin sha-ka-tafi. Akwai bitamin A da ake ba su, yana kare ido, ƙyanda tana makantarwa." Na tambaye ta ko an yi masa allurar wata 9 da ta wata 15. Ta ce katin ya ɓata tun ƙaurarsu. Sai da na raka su har bakin titi, na tsayar musu da adaidaita.

Hedimasta ya kira jami'in lafiya na ƙaramar hukuma. Ni kuma na aika wa iyaye gobe kowa ya zo da katin rigakafin ɗansa.

Da aka tashi, yarinyar ta tsaya a ƙofa har kowa ya watse. Ta taɓa kunnenta, ta nuna inda tabarmar take, ta ce, "Malama, shi ma?" Na kalle ta sosai don ta ga bakina, na ce, "An kai shi asibiti." Na sake faɗa a hankali, sannan ta ɗauki jakarta.