Asabar a garejin Baba: man da ya dace da giyar MGB

Ina idar da sallar asuba na fito da motar daga rumfa, domin Baba makanike ya ce in kawo masa ita da ɗuminta a juye mata man giya. Mai idan ya huce nauyi yake yi, rabinsa sai ya maƙale a ciki tare da dattin da ake son kora. Na zaga ta bakin kogin Kaduna na dawo, kuma a hanya ta sake yi mini abin da ya hana ni sukuni tun ranar da aka yi mata juye a wani gareji: giya ta biyu sai ta yi gurnani kafin ta shiga, obadaraif kuma, wato ƙarin giyar da ke rage juyin inji mota tana kan gudu, in na taɓa makunninsa sai ya ɗauki lokaci kafin ya kama, wani lokaci ya kama ya saki.

Motar ta kawuna ce, Allah ya jiƙansa. MGB ce ƙirar 1971, sitiyari a dama, domin ta shigo ƙasar nan kafin a koma bin hannun dama a 1972. A Abingdon kusa da Oxford aka riƙa ƙera irinta daga 1962 har aka rufe masana'antar a 1980, kuma an yi fiye da rabin miliyan. Shi ya sa har yau ana samun kayanta a Ingila. Amma samu a can daban, isowarsu hannuna a nan daban, ga tsadar canji ga jira. Kowane ƙarfe da ke cikin giyabos ɗin nan ina ji da shi.

Baba ya haura saba'in, ba ya shiga rami yanzu, sai dai ya zauna a kan benci yana ba yaransa umarni. Da yaro ya kwance notin ƙasa man ya fara zuba cikin kwano, tun kafin a miƙo masa ya ɗaga kai. Warin farar wuta ne ya cika rumfar. Ya tsoma ɗan yatsa, ya murza, ya shinshina, ya ce, "Ɗana, wannan ai man aksil ne. Wa ya zuba mata?" Na ce waɗanda suka yi juyen ne, ban tsaya a kansu ba. Bai ƙara magana a kan su ba. Sai ya sa aka kai kwanon rana, ya karkata shi a hankali. A ƙasan man akwai 'yan ƙananan ɓurɓushi rawaya suna ƙyalli. Gabana ya faɗi, don na san ƙarfe mai wannan launi a cikin giyabos tagulla ce, kuma daga zobban daidaita giya take fitowa. Baba ya ce ba su da yawa, wasu ma na shekaru ne, in kwantar da hankalina.

Na ɗauko littafin motar daga aljihun gaba, wanda kawu ya naɗe da leda, takardunsa sun yi ja. A shafin mai, inji da giyabos da obadaraif duk layi ɗaya aka sa su: baƙin mai na inji, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu 20W-50. Man da ake kira EP 90 an ware shi ne ga aksil ɗin baya. Na nuna wa Baba, ya ce shi bai taɓa buƙatar littafi a kan wannan ba, domin Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a nan Kaduna ita ma baƙin mai ake zuba wa giyarta, kuma ya yi juyen da ba zai iya ƙirgawa ba. Yaran yanzu, in ji shi, da sun ji an ce giya sai hannunsu ya kai kan man giya.

Ina so in rubuta dalilin a nan yadda na fahimce shi, don in ajiye wa kaina. A aksil ɗin baya, haƙoran ƙarafunan biyu ba haɗuwa kawai suke yi ba, gogar juna suke yi da matsi mai tsanani, domin ƙaramin yana zaune ne ƙasa da tsakiyar babban. Man da ba shi da kariya ta musamman ba ya jure wannan. Saboda haka ake zuba masa sinadarin farar wuta da fosfaras, wanda idan wuri ya yi zafi sai ya yi wa ƙarfe wata 'yar riga da za ta riƙa gogewa maimakon ƙarfen. A kan baƙin ƙarfe wannan alheri ne. A kan tagulla kuwa, wadda ta fi laushi, rigar tana iya tafiya da fatar zoben. Cibiyar man fetur ta Amurka ce ta raba man giya aji-aji, kuma GL-5 yana ɗauke da kusan ninki biyu na wannan sinadari idan aka gwada shi da GL-4. Gaskiya ne masu haɗa mai na zamani sun rage masa kaifi, da yawa daga ciki ba sa cin tagulla yadda na da suke yi. Amma akwai matsala ta biyu, wadda ita ce ta fi damuna.

Zoben nan aikinsa kamu ne. Kafin giya ta shiga, shi ke dafe ƙarfen da ke juyawa ya daidaita gudunsa da na ɗan'uwansa, sannan haƙora su sarƙe ba faɗa. Idan man ya cika santsi, zoben sai ya riƙa zamewa, kamar mai son buɗe murfin kwalba da hannun da ya sha man gyaɗa. Gurnanin da nake ji a giya ta biyu ke nan: haƙora sun iso, gudu bai daidaita ba.

Obadaraif kuma ya fi kowa tsirfa. Wani ƙaramin akwati ne a bayan giyabos, na kamfanin Laycock da ke Sheffield, yana aiki a giya ta uku da ta huɗu. Da man giyabos yake rayuwa. Yana da ɗan famfonsa da ke tura mai da ƙarfi ta ƙananan hanyoyi, man ya matsa wani kuloci mai siffar mazurari, sai juyin inji ya ragu mota kuma tana kan gudunta. Mai da ya yi nauyi da safe ba ya bin hanyoyin nan da sauri, mai da ya cika santsi kuma ba ya barin kulocin ya riƙe. Duk abin da motar ke yi mini ya fito fili.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na tafi sayen mai. Yaron shagon mai kirki ne, ya saurare ni, sannan ya ɗauko galan ɗin 85W-140 ya ce, "Alhaji, tsohuwar mota ai mai kauri take so, ga zafin garin nan. In ka zuba 50 ruwa zai zama." Ban ga laifinsa ba, lambar ce ke ruɗarwa. Ma'aunin man inji daban yake da na man giya. Man giya mai lamba 90, idan ya yi zafi, kaurinsa bai wuce na baƙin mai 40 ko 50 ba. Wato 20W-50 ba ya gaza EP 90 kauri a bakin aiki, sai dai ya fi shi sauƙin gudu da sanyin safiya. Na zana masa a bayan rasit, ya karɓa ya ce zai tambayi maigidansa. Na ji daɗin hakan.

Na ɗan tsaya a gaban wani galan na 75W-90 GL-4, domin na san akwai masu irin motar nan da suke zuba shi su ce giya ta yi musu laushi, akwai kuma masu rantsuwa da baƙin mai SAE 30 tsura. Ban ce sun yi kuskure ba. Ga giyabos marar obadaraif, da sai in gwada GL-4 ba fargaba. Amma tawa tana da shi, kuma mutanen da suka ƙera shi da baƙin mai suka gwada shi. Ga kuma wani dalili da ya fi ƙarfi a wurina: 20W-50 ana samunsa a kowane gari tsakanin nan da Kano. Idan ta yi yoyo a hanya, wanda tsohuwar mota ba ta rasa yi, zan iya cikawa da irin abin da ke ciki ba tare da na gauraya ba. Na zaɓi na gargajiya, ba na haɗin sinadari da ake kira sintetik ba, kuma na kauce wa baƙin mai marar kauri da ake yi wa motocin zamani don rage shan fetur, saboda ana ƙara masa sinadarin santsi. Na duba hatimin murfi da kyau kafin in biya, domin jabun mai ya yi yawa a kasuwa.

Bayan azahar aka koma aiki. Baba ya sa aka kwance farantin da ke ƙasan obadaraif, aka fito da 'yar ragar tace mai da maganaɗisun da ke tare da ita. Maganaɗisun ya tara wani baƙin laka mai laushi. Baba ya murza shi a tafin hannunsa yana neman tsini ko gutsure, bai samu ba, ya ce alhamdu lillahi, wannan cin shekaru ne kawai. Aka wanke da kananzir, aka shanya, aka mayar da sabon gasket.

Zuba man shi ne ya ci mana lokaci. A irin wannan ƙirar ta cikin mota ake bi: a ɗaga kafet a gaban sandar giya, a cire wani marfin roba, gejin yana can ƙasa inda yatsu biyu ne kawai ke kaiwa. Muka sa siririn tiyo da mazurari, ni na riƙe, yaro yana zubawa kaɗan-kaɗan. Ta sha lita uku da ɗoriya. Baba ya ce kada in yarda da gejin farko, sai an zaga da ita obadaraif ya ja rabonsa, a dawo a sake aunawa. Ya kuma sa aka gwada makunnin da ke hana obadaraif kamawa a ribas, domin idan aka ja da baya yana kame, kayan cikinsa ne ke tarwatsewa.

Na hau hanyar Zariya da la'asar, Baba a gefena. Giya ta biyu ta shiga shiru a karo na farko, a na biyu ta ɗan yi ƙara kaɗan, daga nan ta daina. A ta huɗu allurar juyin inji na kan 3,000 na taɓa makunni, kafin in mayar da hannu kan sitiyari ta sauko wajen 2,500, ƙarar injin ta kwanta. Baba ya ce, "Sake." Na kashe na sake kunnawa, ta amsa nan take. Da muka dawo aka auna, ya ragu kaɗan, aka cika.

Ya ce in yi 'yan makonni ina hawa sannan in dawo a sake juyewa, don ragowar tsohon man da ya ɓuya a lungunan obadaraif ya fita, a kuma duba ko ɓurɓushin tagullar ya tsaya. Idan giya ta biyu ta ci gaba da ƙara da safe bayan haka, to zoben ne ya cinye, sai a yi odarsa tun kafin ya ja wa haƙora. Litinin in Allah ya kai mu zan kai ta a buɗe aksil ɗin baya, domin wanda ya zuba man aksil a giya, dole in ga abin da ya zuba a aksil ɗin.