Ruwan da ya kwana a kan tudu

Ranar da na fara ganin dusar ƙanƙara da idona, bokiti na ɗauka na cika shi taf, na shigo da shi ɗaki na ajiye. Yadda ta sauka haka na kwashe ta, sakwas kamar auduga. Da ta narke, ruwan da ya taru a gindin bokitin bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, har na raina shi. Bayan wata biyu na sake kwasa, amma daga wadda ta daɗe a kwance, rana ta taɓa ta, sanyin dare ya sake daskarar da ita, sabuwa ta hau kanta ta danne. Wannan karon hannuna ya ji nauyi tun kafin in ɗaga, ruwan kuwa ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Tun daga nan na daina kallon farin da ya lulluɓe ƙasa a matsayin ado kawai. Ajiyayyen ruwa ne mai jiran ranar tashi.

Duk lokacin da babban kogi ya yi ambaliya, abin da ake fara faɗa shi ne an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ga ƙorama ko ƙaramin rafi, wannan bayanin ya isa, hadari ɗaya na iya cika su cikin awa guda. Amma kogin da ke tattara ruwan ƙasa mai faɗin dubban ɗaruruwan murabba'in kilomita, hadari ɗaya ba ya girgiza shi. Ambaliyarsa tana ɗaukar watanni tana haɗuwa, kuma yawanci mutane na barci aka fara ta.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na kogin Red a 1997. Kogin yana tasowa daga arewacin Amurka ya nufi arewa, ya shiga Kanada ya zuba a tafkin Winnipeg. Wannan nufar arewa ita ce matsalarsa: kudu ke fara narkewa, ruwa ya taho ya tarar da gaba har yanzu a daskare, ƙanƙara ta toshe masa hanya. Kwarin da yake ratsawa kuma gindin wani tsohon tafki ne, shimfiɗe kamar tabarma, ruwa in ya fita daga bakin kogi babu tudun da zai tare shi.

A kakar 1996 an yi ruwa sosai, ƙasa ta ƙoshi, sannan sanyi ya zo ya daskarar da ita da ruwan a cikinta. Ƙasar da ta daskare a jiƙe daidai take da daɓen siminti, ko ɗigo ba ta sha. A kan wannan daɓen dusar ƙanƙara ta yi ta zuba duk hunturu, a garin Fargo da ke bakin kogin abin da ya sauka ya kusa mita 3. Farkon Afrilu wata guguwar ƙanƙara ta ƙara nata. Da ɗumi ya shigo, komai ya tashi lokaci guda. A garin Grand Forks, shi ma a bakin kogin, an yi hasashen tsayin ruwan zai kai ƙafa 49, sai ya wuce 54. Ruwa ya haye jingar da aka tare shi da ita, aka kwashe mutane wajen 50,000, gobara ta tashi a tsakiyar gari alhali tituna na cike da ruwa. Ina yawan tuna waɗannan mutane, domin ruwan da ya kore su daga gidajensu sun yi wata biyar suna takawa a ƙofar gida.

Mafi muni shi ne ruwan sama ya sauka a kan dusar da ta riga ta nuna, wato ta ɗumama har ta fara tsatsafo. Na daɗe ina zaton ruwan saman ne ke narkar da ita, ashe nasa kaɗan ne. Babban aikin na iskar da ta rako shi ne, iska mai ɗumi mai ɗauke da tururi. Tururin in ya taɓa sanyin ƙanƙara sai ya koma ruwa, ya saki zafin da ke cikinsa, kuma giram ɗaya na tururi yana sakin zafin da zai narkar da fiye da giram 7 na ƙanƙara. Kogi sai ya karɓi ruwa biyu a rana ɗaya, na sama da na ajiya. Haka ta faru a gandun dajin Yellowstone na Amurka a Yunin 2022, inda hanyoyi da gadoji suka tafi aka rufe gandun.

Saura tambayar da ta fi damuna: me ke sa ruwa ya tsaya a kan yanki ɗaya mako da makonni? Can sama, wajen kilomita 10, akwai wani zirin iska mai tsananin gudu da ke kewaya duniya daga yamma zuwa gabas, shi ke tura hadari gaba. Yana tafiya ne a karkace kamar maciji. Wani lokaci lanƙwasarsa kan cije a wuri ɗaya ta ƙi motsi, sai gefe ɗaya ya yi ta shan ruwa, ɗaya gefen ya yi ta ƙonewa. A 2010 an ga wannan ƙarara. Yayin da zafi da gobarar daji suka turnuƙe Mosko da hayaƙi, ruwan damina na ta zuba a tsaunukan arewacin Pakistan, kogin Indus ya cika ya batse tun daga sama har bakin teku, abin ya shafi mutane wajen miliyan 20. Masana sun nuna cewa lanƙwasa guda ce ta haɗa masifun biyu. A 1993 ma irin wannan cijewar ce ta sa hadari ya yi ta bin sawun hadari a tsakiyar Amurka, a kan ƙasar da ta jiƙe tun shekarar baya, har kogin Misisipi ya kusa ƙafa 50 a birnin St. Louis ranar 1 ga Agusta.

Teku ma na da hannu, daga nesa. Idan ruwan gabashin tekun Fasifik ya ɗumama fiye da kima, abin da ake kira El Nino, hanyoyin ruwan sama kan sauya a nahiyoyi da dama. Bayan mai ƙarfin nan na 1997 zuwa 1998, ruwa ya yi zaman dirshan a kan kogin Yangtze na ƙasar Sin, mutane fiye da 3,000 suka rasu. A Turai kuwa iskar yamma ce daga Atlantika kan yi ta kawo ruwa mai ɗumi a tsakiyar hunturu. A Janairun 1995 ta cika kogin Rhine har Holan ta kwashe mutane wajen 250,000.

Game da ɗumamar duniya, ba na son a riƙa jingina mata kowace ambaliya ba bincike, kuma ba na yarda da masu cewa babu ruwanta. Abin da aka tabbatar shi ne duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana ba iska damar ɗaukar ƙarin tururi wajen kashi 7 cikin 100. A wasu wuraren dusar tana raguwa, ambaliyar narkewa ta yi sauƙi. A wasu kuwa tsaunin da a da ƙanƙara ke sauka masa ta kwanta har bazara, yanzu ruwa ne ke dukansa a tsakiyar hunturu ya gangaro nan take. Jinga da madatsar da aka gina bisa lissafin tsohon yanayi su ke ba ni tsoro.

Shi ya sa yanzu, in ina bin labarin wani kogi, ba daga hasashen gobe nake farawa ba. Nakan duba yadda kaka ta bar ƙasa, a jiƙe ko a bushe, sannan in nemi rahoton masu auna dusar ƙanƙara. Waɗannan mutane kan hau tsauni cikin sanyi da dogon bututun ƙarfe, su caka shi har ya taɓa ƙasa, su zaro shi cike, su rataye a ma'auni. Zurfin dusar bai dame su kamar nauyinta ba, don nauyin ne ke gaya musu yawan ruwan da mutanen kwari za su karɓa in ɗumi ya zo.