Farfelar goshi ba ta koya wa mutum tuƙi

Kuɗin haya ne ya kore ni daga tudu a Landan, na koma zama cikin siririn jirgin ƙarfe irin na magudanan ruwan Ingila, mai faɗin ƙafa 6 da inci 10, tsawo ƙafa 57. Gangar jikin kawai na saya, na ce sauran aikin ciki ni da hannuna. Ƙannena masu wannan niyya, ku ji inda na yi tuntuɓe.

Tun kafin in shimfiɗa daɓe na zuba kuɗi a farfelar goshi, wata ƙaramar farfela da ake sakawa cikin bututun da ya ratsa gaban jirgi a ƙarƙashin ruwa, tana tura goshin hagu ko dama. Tsoro ne ya sa ni, ba buƙata ba. Kunyar in daki jirgin wani a gaban jama'a nake ji.

Ban lura cewa jirgi fanko ba ya nutsewa sosai ba. Tubalan nauyin da ake sakawa ƙarƙashin daɓe don daidaita jirgi duk na jibge su a baya, goshi ya ɗago, bakin bututu ya kusa leƙowa waje. In na danna maɓalli sai ta zuƙi iska, ta yi ta ihu kamar injin markaɗe, jirgi ko gezau. Sai da na ɓalle katakon da na riga na buga na sake raba nauyin. Na kuma jawo mata waya tun daga baturan baya, alhali tana jan wuta ɗaruruwan amfiya, kafin wutar ta iso gaba ta galabaita. Ashe batirinta daban ake ajiye mata kusa da ita. Ba a kuma danne ta minti-minti, zafi take yi ta katse kanta, yawanci a daidai lokacin da iska ke jan ka zuwa bango.

Babban kuskuren shi ne bututun. Duk bayan shekara 2 ko 3 ana fito da jirgi a shafe jikinsa da kwalta. Na shafe ko'ina, amma cikin bututun da hannu ba ya kaiwa na bar shi. Tsatsa ta yi ta cinsa a ɓoye, ga tsakuwa da farfelar ke watsawa tana kankare ɗan fentin da ya rage. Wata safiya na buɗe ma'ajiyar gaba na tarar da ruwa har idon sawu. Garin neman ƙiba na samo rama. Mai walda ya ce Allah ne ya tsare, da babu bangon ƙarfe tsakanin wurin da ɗakin kwana, da a ƙasan ruwa zan farka.

Wani dattijo maƙwabcina da ya shekara da shekaru a magudanar Grand Union ba shi da farfelar goshi sam. Shi ya nuna mini yadda ake rage gudu tun daga nesa, a karanta iska, a sauka da igiyar da ke ɗaure a tsakiyar jirgin a hannu a jawo jirgin a hankali. Tun da dai doka ta ce jirgin da ba shi da wurin tsayawa na dindindin ya sauya wuri duk bayan kwana 14, wurin gwaji bai yi mini wuya ba.

In za ku saka, ku saka bayan kun gama ɗora kaya kun ga inda ruwa ya tsaya a jikin jirgin. Ku nemi bututu mai kauri, kuma duk ranar da aka fito da jirgi ku cire ragar bakinsa ku leƙa da tocila. Nawa dai mai walda ya toshe shi da faranti biyu, ban sake buɗewa ba.