Asabar da 'yar guntuwar libarba

Asabar, Dalas, jihar Teksas ta Amurka.

Bayan sallar asuba ban koma barci ba. Na bar wa yaron shago buɗewa, na ce masa sai bayan azahar zai gan ni, domin yau ce ranar da na ware wa gidan koyon harbi. Yara na barci na buɗe akwatin ƙarfen da ke ɗakinmu, na ɗauko bindigar, na buɗe gangarta mai juyawa inda harsasai ke zama, na zazzage harsasai biyar ɗin a tafin hannu, na leƙa kowane rami da idona kafin na sa ta a jaka.

Libarba ce ƙirar Smith & Wesson, samfurin 642. Hancinta bai cika inci 2 ba, jikinta alminiyum ne, ganga da hanci kaɗai ne ƙarfe, nauyinta giram 400 da 'yan kai. Harsashi biyar take ci, na .38 Special. Gudumar da ke dukan harsashi a rufe take cikin jiki, saboda haka babu abin da zai maƙale a aljihu in an zo zarowa. Tsohon zubi ne. A 1950 kamfanin ya fito da uwar irin waɗannan bindigogi, wadda aka raɗa wa Chiefs Special a wani taron shugabannin 'yan sanda, a 1952 kuma aka yi mai rufaffiyar guduma, aka kira ta Centennial saboda kamfanin ya cika shekara 100. Abin da ya sa na zaɓe ta ba tarihi ba ne, zafin Teksas ne. Rabin shekara mutum daga shi sai riga mara nauyi, kuma ni mai sa kaftani ne in na samu dama. Babbar bindiga a ƙugu ba ta ɓoyuwa a irin wannan shiga, balle in ka yi ruku'u. Wannan kuwa ta shige kubenta, kuben ya shige aljihun wando, shi ke nan.

To amma duk sauƙin da take ba ka wajen ɗauka, tana karɓe abinta wajen harbi. Na sake tabbatar da haka yau.

Na isa da wuri, wurin bai cika ba. Dattijon da ke kula da layin harbi, wani baƙar fata da ya yi ritaya daga aikin ɗan sanda, ya duba jakata ya nuna min gurbi na can ƙarshe. Na toshe kunne da soso, na ɗora babban marufi a kai, na sa tabarau. A cikin gini ƙarar gajeren hanci daban ce, har a haƙori kake jin ta. Na tura takarda zuwa yadi 3 na fara da harsasai masu laushi, waɗanda kansu a shafe yake, masu huda takarda tsaf kamar an sa almakashi. Da su hannu ba ya wahala, kuma rami ba ya yi maka ƙarya.

Matsalar irin wannan bindiga a kunama take. Tunda ba a iya ɗana guduma da babban yatsa, jan kunama ɗaya ne zai juya ganga, ya ja guduma baya, ya sake ta. Wannan jan yana bukatar ƙarfin da ya kai kilo 5 ko ya ɗara. Ka dubi lissafin: yatsa ɗaya yana matsa abin da ya ninka nauyin bindigar gaba ɗaya fiye da sau goma, kuma ana so bakinta kada ya motsa. Ga shi tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya 'yar kaɗan ce, in bakin ya kauce da faɗin gashi a nan, a takarda ya zama taƙi guda. Saitin bayan ma ba wani abu ba ne, 'yar kwarya ce aka fafe a saman jiki, na gaba kuma launinsa ɗaya da bindigar, sai da na ɗiga masa jan fenti kafin idona ya riƙa kama shi. A yadi 3 komai ya taru wuri guda. A yadi 7 ramukan suka fara gangarowa ƙasa ta hagu, alamar sauran yatsu suna matsawa tare da mai jan kunama.

Dattijon ya zo ya tsaya bayana bai ce komai ba har na ƙare. Sannan ya ce in cika ganga da harsashi uku kawai, in bar rami biyu da kwanson da aka riga aka harba, in juya ba tare da na duba ba, in rufe. Hikimar a fili take: in guduma ta faɗa kan fanko, babu ƙara babu duka, duk abin da hannunka ya yi za ka gan shi ƙuru-ƙuru. Na ga bakin bindigar yana dukar da kai tun kafin a yi harbin, wato jiki yana tare dukan da bai zo ba. Ya ce in riƙe ƙota da ƙarfi tun farko, in ja kunama a miƙe ba tsayawa a hanya, in bar harbin ya zo da kansa. Da na bi haka ramukan suka dawo tsakiya. Ya kuma ja min kunne kan babban yatsan hagu, kada ya wuce gaban ganga, domin akwai 'yar tsaga tsakanin ganga da hanci inda wuta da iska mai zafi ke fita ta gefe.

A ƙarshe na harba irin waɗanda nake yawo da su, masu ƙarin ƙarfi da ake rubuta wa +P. Nan ne rashin nauyi ke nuna halinsa. Kowane harbi kamar malamin allo ya tsula maka dorina a tafin hannu. Ganga ɗaya na yi na tsaya, domin in hannu ya fara jin tsoro, abin da kake koya masa daga nan tsoron ne. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji mai sayar da bindiga yana tura wa mace ko sabon shiga irin wannan, wai ƙarama ce, za ta yi musu sauƙi. Ƙanƙantar ita ce wahalar. Wanda bai taɓa harbi ba ya fara da mai nauyi, mai dogon hanci, ya san kan abin tukuna. Mutane da yawa sun sayi irin tawa, sun harba sau ɗaya, hannu ya yi tsami, sun jefa a aljihu ba su sake gwadawa ba, kuma suna yawo da ita cikin jama'a. Wannan yana ba ni tsoro fiye da ɓarawo.

Na ɗan yi aikin sake cikawa. Sandar fitar da kwanso gajera ce, ba ta tura su waje gaba ɗaya, sai ka ɗaga baki sama ka buga ta da tafin hannu. Aiki ne mai cin lokaci, kuma duk mai libarba ya san biyar ɗin nan su ne abin da yake da shi.

Kafin in fita na wanke hannu da fuska da sabulu da ruwan sanyi, na canza riga a mota. Ƙurar dalma tana manne wa fata da tufafi, mu kuwa da hannu muke cin tuwo, ga ƙananan yara a gida. Uwargida ba ta wasa da wannan, ni ma haka.

Azahar a masallaci. Tun 2019 dokar jihar ta bar wa wuraren ibada su yanke wa kansu hukunci kan shiga da makami, ni dai tawa tana zama a ƙaramin akwati mai makulli da aka ɗaure da igiyar ƙarfe a ƙarƙashin kujerar mota. Ina tuna hadisin da ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani rauni, da wanda ya hana nuna ɗan'uwa da makami. Duk ƙa'idojin da aka rubuta a bangon gidan koyon harbi, irin su ɗauki bindiga kullum a matsayin mai harsashi, kada ka nuna ta ga abin da ba ka nufi halakawa ba, ban ji su baƙi ba ranar da na fara karanta su.

Da yamma ɗan yayata ya zo shago, shi da ke karatu a jami'a. Ya ga jan da ke tsakanin yatsuna, ya gane daga ina nake.

"Kawu, ni ma fa ina so in saya. Ba an ce a Teksas ba a bukatar lasisi ba?"

Na ce masa gaskiya ne, tun 1 ga Satumba 2021 wanda ya kai shekara 21 kuma doka ba ta haramta masa ba yana iya ɗauka ba lasisi. Amma shi da bizar ɗalibi ya shigo, kuma dokar tarayya ta hana masu irin wannan biza mallakar bindiga ko harsashi, in ban da 'yan keɓantattun hanyoyi. Kuskure ɗaya a nan ya isa ya cinye karatun, a kuma sa shi a jirgi. Na gaya masa ni kaina duk da sauƙin dokar sai da na je na yi lasisin: zaman aji na awa 4 zuwa 6, sannan harsashi 50 a yadi 3 da 7 da 15, ana neman maki 175 cikin 250. A ajin nan na koyi inda ba a shiga da ita, makaranta, kotu, rumfar zaɓe, mashaya, da duk ginin da ya kafa allon hani. Na kuma tuna masa da Philando Castile, baƙar fata mai lasisi da ɗan sanda ya harbe a motarsa a Minesota a Yulin 2016, bayan ya faɗa da bakinsa cewa yana ɗauke da bindiga. Ni baƙar fata ne, Musulmi, mai harshen baƙo. In an tsayar da ni, hannu biyu a kan sitiyari, tagogi a sauke, ba na kai hannu ko'ina sai an ce in kai.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, in ɓarayi sun shigo fa?"

Na ce su ɗauki kuɗin. Dokar Teksas ta buɗe wata ƙofa ta kare dukiya da ƙarfi, musamman da dare, amma ba zan tsaya gaban Allah da ran ɗan wani saboda cinikin yini ɗaya ba. Bindigar nan ta lokacin da aka ba da kuɗin ne kuma ba a tafi ba. Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa: a 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu kansu suka kashe. Shi ya sa in ba a jikina take ba, a kulle take, kuma mun yi alkawari da uwargida cewa duk ranar da ta ga raina ya yi mummunan ɓaci ko damuwa ta yi min yawa, ta canza lambar akwatin ba tare da ta nemi izinina ba.

Bayan isha'i Yaya ya kira daga Gusau. Hira ta kai mu kan 'yan bindiga kamar kullum, ya tuna min yadda a Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce mutane su nemi lasisi su kare kansu. Ya tambaya ko irin tawa za ta yi masa amfani a hanyar gona. Na ce, "Yaya, ka cire wannan a ranka." A dokar makamai ta Najeriya ta 1959 libarba da fistol suna cikin haramtattu, sai da lasisin shugaban ƙasa. Ko da an halatta, harsashi biyar da hanci inci 2 abu ne na taku kaɗan, a bakin ƙofa ko gefen mota, ba na mutane talatin a kan babura da AK-47 ba. Na roƙe shi ya ci gaba da tafiya cikin ayari, ya bar kwana a ƙauye. Ya ce zai duba.

Na goge bindigar kafin in kwanta, na bi ramukan gangar da burushi har baƙin zoben da ke taruwa a ciki ya fita, na kakkaɓe zaren aljihu daga kube. Tsakanin babban yatsa da manuni ya ɗan kumbura. Ranar Litinin zan nemi ƙotar roba mai rufe bayan ƙarfen, ko da za ta ɗan ƙara girma a aljihu.