Da na sani ƙeya ce: shekara uku ina rina gashina da kaina

Furfura ta fara zuwar mini ina da shekara 31, ba sallama. Sili biyu ne a gefen goshi na dama, sai suka zama goma, kafin shekara ta zagayo duk gaban kan ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Da farko salun nake zuwa. Wata rana na zauna na yi lissafi: gashi yana tsirowa santimita 1 ko ɗan fiye a wata, wato duk sati huɗu zuwa shida farin zai sake leƙowa daga tushe. Ke nan sau tara ko goma a shekara zan je in bi layi, in kashe rabin yini, in biya kuɗi, saboda wani ɗan tsiri da bai kai faɗin yatsa ba. Na ce a'a, wannan kam zan iya da hannuna.

Kuma na iya ɗin, gara in faɗi wannan tun yanzu kada a ɗauka na zo kushe rini a gida ne. Na sayi na kwali, baƙi mai ɗan ruwan ƙasa. A ciki akwai man rinin, da kwalbar ruwan haɗi, da safar hannu ta leda, da wata doguwar takarda da ban karanta ba. Na shafa basilin a goshi da bayan kunnuwa don kada fata ta kama, na tsaga gashin gida huɗu, na kwaɓa a kwanon roba (ba a kwaɓawa a na ƙarfe), na bi tsaga-tsaga da buroshi. Bayan minti 35 na wanke. Furfura ta ɓace. Na daɗe a gaban madubi ina juya kai, ina jin kamar na gano wani asiri da masu salun suka ɓoye mini.

Asirin ma ba sabo ba ne. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Eugène Schueller, ya haɗa rininsa a 1907, a 1909 ya kafa kamfanin da ya zama L'Oréal, kuma masu gyaran gashi na birnin Faris yake sayar wa. Sai a shekarun 1950 kamfanin Clairol na Amurka ya yaɗa wanda mace za ta saya ta shafa a ɗakinta. Tun daga nan kwali ya shigo gidaje, amma idon mai gyaran gashi bai biyo shi ba. Wannan ne abin da na ɗauki shekara biyu ban gane ba.

Kuskurena na farko bai yi ƙara ba, a hankali ya taru. Duk lokacin da zan rufe furfura, sai in shafe gashin tun daga tushe har baki, don a ganina haka zai fita bai ɗaya. Ashe kowane silin gashi yana da ɓawo a jere, wani kan wani, kamar na jikin kifi. Amoniya da ke cikin rinin dindindin, mai warin nan da ke sa ido hawaye, ita ke buɗe ɓawon. Ruwan haɗin kuwa haidirojin ferokzayid ne, yana cinye wani ɓangare na launin asali, yana kuma sa ƙwayoyin rinin su haɗu su girma a cikin silin yadda ba za su iya fitowa ba. Sabon tsiro sau ɗaya aka yi masa wannan aiki. Bakin gashina kuwa sai da aka yi masa kusan sau ashirin. Ya koma baƙi wuluk, mara sheƙi, kaushi kamar tsintsiya, alhali tushen yana da laushi. Na riƙa ɗora laifin a kan shamfu, ina canza wannan in sayi wancan.

Doguwar takardar nan da na ce ban karanta ba, ƙanwata ce ta sa na karanta ta. Ta ga nawa ya yi kyau, ta sayi irinsa ta shafa. Washegari kunnuwanta suka kumbura, fatar goshinta ta yi ja tana ƙaiƙayi, sai da aka kai ta asibiti aka ba ta magani. Akwai wani sinadari da ake kira PPD a cikin yawancin rinin dindindin, musamman masu duhu, kuma jikin wasu ba ya shiri da shi. Takardar ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa a ɗan shafa kaɗan a bayan kunne ko a lanƙwasar hannu a jira awa 48. Ta kuma yi gargaɗi ga wanda aka taɓa yi wa zanen baƙin lalle a fata, domin sau da yawa PPD ɗin ne ake zubawa don ya yi baƙi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, mutum zai iya shekaru yana shafawa lafiya lau, rana ɗaya jikinsa ya juya masa baya. Tun daga ranar ban sake tsallake gwajin nan ba, ko da irin wanda na saba ne.

Sai kuma babban abin, wanda ya ci mini ƙeya.

Na gaji da baƙi. Ina son ruwan zuma, irin na matar da ke jikin kwali. Na sayi rini mai haske na shafa a kan baƙin. Da na wanke, tushen ne kawai ya yi ja, kamar santimita biyu, sauran gashin ko gezau. Daga baya na ji ƙa'idar da kowace mai gyaran gashi ta haddace: rini ba ya ɗaga rini. Yana iya haskaka gashin da ba a taɓa rina shi ba, amma wanda ya riga ya sha baƙi sai an cire baƙin tukuna. Maimakon in tsaya nan in nemi wadda ta sani, zuciya ta ɗebe ni na sayo hodar bilicin da ruwan haɗi mai lamba 40. Lambobin nan ƙarfi suke nunawa: 10 yana da ferokzayid kashi 3 cikin 100, 20 kashi 6, 30 kashi 9, 40 kashi 12. Ni na zaɓi mafi girma don in gama da wuri. Kuma kwana tara kacal kafin nan na sa rilaksa.

Na fara daga ƙeya, don haka na saba. Kafin in zagayo gaba, hannu ya gaji, kwaɓin ya fara bushewa, an ci minti 20. Sannan na fara ƙirga lokacin da aka rubuta, daga sanda na gama, ba daga sanda na fara ba. Ina kallon gaban kai a madubi yana sauyawa daga baƙi zuwa ja, ina cewa bari ya ƙara kaɗan. Bayan kan yana zafi, na daure. Ƙanwata ce ta shigo, ta tsaya a bayana ta yi shiru, sannan ta ce, "Yaya, kin ga ƙeyarki kuwa? Don Allah tashi ki wanke."

A ƙarƙashin ruwa na san na yi ɓarna. Gashin ƙeya ya yi yauƙi, in na ja sai ya miƙe kamar roba, ba ya komawa, sai ya tsinke a hannuna. Na ga dunƙulensa yana bin ruwa yana toshe magudana. Da ya bushe na ɗauki madubi biyu. Tushe ruwan ɗorawa, tsakiya ruwan goro, baki har yanzu da sauran duhu, ƙeya kuwa wani fili kamar tafin hannu da ba abin da ya rage sai guntaye. Launi uku a kai ɗaya, ba ko ɗaya da ya yi kama da zuma.

Kwana biyu ina rufe kai har a cikin ɗaki, sannan na je wani salun da wata abokiyar aikina ta yaba. Matar ta manyanta, ba ta da yawan magana. Ta tambaye ni me na sa. Kunya ta sa na ce rini ne kawai, sau ɗaya. Ta jiƙa sili kaɗan, ta ja tsakanin yatsunta, ta kalle ni ta madubi ta ce, "Hajiya, ki faɗa mini gaskiya. Ke za ki iya mantawa, shi gashin ba ya mantawa." Na ce, "Anti, ki yi haƙuri," na zayyane mata komai: baƙi na shekara biyu, rilaksa, bilicin, har da wani lalle na fakiti da na taɓa sawa.

Bayanin da ta yi mini a tsaye, tana taje abin da ya saura, ya fi duk abin da na kalla a intanet. Rilaksa yana karya wasu igiyoyi da ke riƙe da ƙarfin silin gashi, shi ya sa yake miƙewa. Bilicin ma igiyoyin nan yake ci. In an haɗa su a kai ɗaya cikin kwana tara, me ya rage ya riƙe gashin? Ko rinin dindindin na yau da kullum sai an ba shi aƙalla sati biyu bayan rilaksa. Tushen ya fi haske ne saboda ɗumin fatar kai yana sa sinadarin saurin aiki, don haka su masu gyaran gashi tushe suke shafawa a ƙarshe. Baƙin gashi kuma ba ya tsallakawa zuwa haske kai tsaye, sai ya bi ta ja, ya bi ta ruwan goro, ya bi ta ruwan ɗorawa, daga nan a ɗora wani launi da zai kashe wanda ba a so: shuɗi yana kashe ruwan goro, shunayya tana kashe ruwan ɗorawa. Lallen ma ta ce da na ɓoye shi da an iya samun matsala, don wasu na fakiti ana haɗa su da gishirin ƙarfe da ba ya jituwa da ferokzayid, yana iya sa gashi ya yi zafi ya karye.

Na roƙe ta ta ƙarasa haskaka shi ya zama bai ɗaya. Ta ce ko nawa zan biya ba za ta yi ba. Ta yanke abin da ya mutu, fiye da rabin tsawon, ta shafa wani rini mara amoniya wanda yake ɗora launi kawai ba ya ɗagawa, ya mayar da kan ruwan ƙasa mai duhu. Ta hana ni duk wani sinadari wata uku. Abin da na kashe a gyaran nan ya ninka abin da na yi ta murnar na tara. Araha ba ta ado, in ji masu magana, amma ni abin da ya fi ci mini rai lokaci ne. Gashin da ya kai kafaɗa, bakinsa ya kai shekara biyu da tsirowa. Ba fata ba ne da zai warke. Man da ake shafawa yana lulluɓe ɓarna ne, ya sa a iya taje shi, amma wanda ya lalace ya lalace har ranar da almakashi zai raba ku.

Kada kuma a ce duk wadda ta buɗe salun ta iya. Tun kafin in fara yi a gida, wata ta taɓa bar mini rilaksa a kai tana waya, ina cewa yana cina tana cewa in daure aiki yake yi, sai da fatar kaina ta yi ɓawo sati guda. Wata kuma ta ja mini kitso har gira ta ɗaga, gefen goshi ya yi ƙuraje, kuma irin jan nan in ya yawaita gashin gaba yake cinyewa, wani lokaci ba ya dawowa. Yanzu ma'aunina ɗaya ne. In na zauna a kujera aka buɗe kwalba kafin a tambaye ni abin da na sa a baya, tashi nake yi.

Wanki, tsifa, turara gashi da mai, taje shi daga baki zuwa tushe yana da danshi, busarwa da iska mara zafi sosai, duk a gida nake yi, kuma na fi kowa tausayin kaina. Abin miƙar da gashi na lantarki yana kai digiri 230 in an ƙure shi, ni ba na wuce tsakiya, shi ma jefi-jefi. Furfura ma ni nake rufe ta har yanzu, da ruwan haɗi mai lamba 20, a sabon tsiro kawai, agogo a gabana tun shafar farko. Amma duk abin da zai haskaka, ko ya gyara wani launi, ko ya haɗu da rilaksa, na Anti ne.

Bayan kai kuwa na daina yi da lalube. Ƙanwata ke shafa mini, ni riƙe da ƙaramin madubi ina ba ta umarni tana tsaki. Ƙeyar ta cike, gashin wurin ya kai tsawon yatsa, har ana iya kama shi a kitso. Ruwan zuman nan ban haƙura da shi ba. Na sake tambayar Anti a zuwana na ƙarshe, ta ɗaga bakin gashin ta duba inda tsohon baƙin ya tsaya, ta ce a lissafinta saura wata takwas.